Tsadar Faifai da Darajar Waƙa: Nazari a kan Cinikin Tsofaffin Fayafayan Sol da Rok

Gabatarwa

Manazarta sun daɗe suna tattauna yadda waƙa ke rayuwa tsakanin bakin mawaƙi da kunnen mai sauraro. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne halin da takan shiga bayan an ɗauke ta a faifan garmaho, ta zama haja mai farashi. Wannan takarda za ta dubi wannan fanni ne, za ta kuma ɗebo misalanta daga Ingila da Amurka, inda tara tsofaffin fayafayai da sayar da su ya zama sana'a sosai, mai dillalanta da gwanjonta. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: idan mutum ya zuba dubban fam a kan faifai guda, waƙar ya saya ko kuwa ƙarancinta?

Rok da Sol Ba Hanyarsu Ɗaya Ba

Mu fara da kiɗan rok, domin nasa al'amarin ya fi sauƙin ganewa. A shekarar 1968 ƙungiyar Beatles ta fitar da faifanta mai farin bango, aka buga wa kowane kwafi lambarsa. A watan Disamba na 2015 ne aka yi gwanjon mai lamba 0000001, wanda ke hannun makaɗin gangarsu Ringo Starr, aka saye shi dala 790,000. Waƙoƙin da ke ciki su ne dai waɗanda ke cikin miliyoyin kwafin da aka sayar a duniya. Haka nan a 1977 kamfanin A&M ya buga kwafi 25,000 na wata waƙar ƙungiyar Sex Pistols, sa'an nan ya sallame su cikin mako guda, ya lalata mafi yawan abin da ya buga. Kamfanin Virgin ya fitar da waƙar bayan wata biyu, kowa ya ji ta, amma 'yan kwafin A&M da suka tsira har yau dubban fam ake sayensu. A nan babu wani ruɗani. Mai saye ya san ba sauti ya saya ba, kayan tarihi ya saya, kamar mai sayen rigar wani mashahurin sarki.

Na sol ya sha bamban, kuma a kansa zan daɗe. A shekarun 1960 ƙananan kamfanoni a Detroit da Chicago da Los Angeles sun yi ta ɗaukar mawaƙa baƙaƙen fata, kowa na neman ya kamo ƙafar kamfanin Motown. Galibin fayafayan ba su yi kasuwa ba, aka jibge su a ɗakunan ajiya. Can a arewacin Ingila kuwa, samari 'yan ƙwadago suka ƙwallafa rai a kan irin wannan kiɗa mai sauri, suna kwana rawa a gidaje irin su Twisted Wheel na Mancesta, da kuma Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981. Dave Godin, mai kantin fayafayai a Landan, shi ya laƙaba wa abin suna Northern Soul, watau sol ɗin Arewa, ya kuma yaɗa sunan a mujallar Blues & Soul a 1970. Dillalai suka shiga ƙetara teku suna tone rumbunan Amurka. Abin lura a nan shi ne, rashin kasuwa shi ya haifi ƙarancin, ƙarancin kuma ya haifi tsadar. A wancan lokaci wanda ya mallaki faifan shi ya mallaki waƙar, don babu wata hanyar jin ta sai a wurinsa.

Faifan Frank Wilson

A 1965 Frank Wilson, marubucin waƙa kuma mai tsara kiɗa a reshen Motown na Los Angeles, ya rera waƙar "Do I Love You". An buga kwafin gwaji kimanin 250. Kafin a kai ta kasuwa sai aka tsai da shawara cewa Wilson ya tsaya ga tsara wa wasu kiɗa, aka lalata fayafayan. Kwafi biyu ne aka daɗe da sanin sun tsira. A ƙarshen shekarun 1970 wani dillali ya sami ɗaya, ya kwafe shi ba da izini ba, ya ƙara masa sauri, ya manna masa sunan wani mawaƙi dabam, Eddie Foster. Da wannan suna aka yi ta rawar waƙar a Wigan kafin asiri ya tonu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Al'ada ce mai sa faifai a gidan rawa ya liƙe takardar tsakiyar faifan, ya ƙaga wa waƙar suna da mawaƙi na ƙarya, don kada abokan hamayya su gano ta su nemo nasu kwafin. A ganina nan ne babban aibin wannan sana'a. Mu da muka saba jin makaɗi irin Narambaɗa ko Shata yana ambaton kansa a tsakiyar waƙa, mun san suna shi ne jarin mawaƙi. To ga mutumin da kasuwar ƙasarsa ta ƙi, ya sami masoya a wata ƙasa bayan shekara goma, amma waɗanda suka tono shi su ne suka shafe sunansa da gangan. Masu kare al'adar sukan ce ba don su ba da waƙoƙin sun ɓace ƙurmus. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai wanda ya tsamo mutum daga rijiya bai sami ikon sake masa uba ba.

Ita waƙar fa, mene ne matsayinta? Ba ta kai minti uku ba. Ganga na dukan kowace gaɓa ba sassauci, muryar Wilson na hawa da zumuɗi, 'yan amshi na karɓa irin ta waƙoƙin majami'ar baƙaƙen Amurka. Waƙa ce mai daɗi ƙwarai, ba na tantama. Amma ban yarda ta fi "I Can't Help Myself" ta ƙungiyar Four Tops ba, wadda Motown ya fitar a shekarar nan, ta kai matsayi na ɗaya a Amurka, wadda kuma tsohon faifanta ba ya wuce 'yan fam kaɗan. Tsarin kiɗansu gida ɗaya ne. Abin da ya raba farashinsu yawan kwafi ne kurum.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo ne daga baya. A 1979 Tamla Motown ya fitar da waƙar Wilson a Ingila da sunansa na gaskiya, duk mai so ya saya. Da sauti ake bi, da darajar kwafin asali ta faɗi. Sai ga shi a watan Mayu na 2009 an sayar da ɗaya daga cikin biyun nan fam 25,742. Watau mai tara fayafayan sol, wanda ya faro da neman abin da kunne zai ji, ya ƙare a inda takwaransa na rok yake. Shi ya sa dillalin yau ya fi ba da ƙarfi ga duban launin tambari, da lambar da aka zana kusa da ramin faifai, da yawan ƙarzunan da allura ta bari. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ma da wuya ya yarda allura ta sake hawa kansa.

Rabon Mawaƙi

Saura batun wanda ya ci riba. Gloria Jones ta rera "Tainted Love" a 1964, ba ta yi kasuwa ba. A 1973 Richard Searling, mai sa faifai, ya samo kwafinta a Amurka ya kai ta gidajen rawar Arewa. A 1981 ƙungiyar Soft Cell ta sake rera ta, ta kai matsayi na ɗaya a Ingila. Hakkin rubutu na Ed Cobb ne, wanda ya tsara waƙar, ba na wadda ta fara rera ta ba. Game da cinikin tsohon faifai kuwa, doka ba ta tanadar wa mawaƙi ko anini ba idan kwafi ya sauya hannu, kuɗin na mai sayarwa ne da dillalinsa. Wilson dai bai tagayyara ba, ya tsara wa Supremes da Eddie Kendricks waƙoƙin da suka yi fice, daga baya ya zama malamin majami'a, ya rasu a 2012. Da yawa daga cikin mawaƙan ƙananan kamfanonin Detroit faifai ɗaya ko biyu suka yi, suka koma aikin masana'anta, sai bayan shekaru wani dillali daga Ingila ya ƙwanƙwasa musu ƙofa yana tambaya ko akwai sauran kwafi a gida.