Giwa, Biri da Mai Igiya

A shekarar 2002, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Wisconsin da ke garin Madison a Amurka, aka zaunar da wani sufin addinin Buddha da bai kai shekara 30 ba, aka kifa masa hula mai ɗaruruwan wayoyi masu ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Sunansa Mingyur Rinpoche, haifaffen duwatsun Nepal. Abin da Farfesa Richard Davidson da mutanensa suka nema a wurinsa, in a baki ne, ba wuya: ya cika zuciyarsa da tausayi na tsawon minti ɗaya, ya saki ya huta daƙiƙa 30, ya sake, har sau huɗu. Ana cewa ya fara, layukan da ke kan allon kwamfuta suka yi sama. A al'ada irin wannan tashi alama ce cewa mutum ya motsa kai ko ya cije haƙora. Aka dube shi, ko gezau bai yi ba. Minti ya cika, aka ce ya huta, layukan suka lafa. Aka ce ya koma, suka sake tashi, kamar mai kunna fitila yana rage ta.

Ni wannan shiga da fita ce ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa tayar da kabbara, kafin ya kai ruku'u ya tsinci kansa a kasuwa yana ciniki, ya san zuciya ba ta jin kira. Da tana ji, da malamai ba su keɓe babi guda a kan ƙabli da ba'adi ba. A 2010 wasu masana biyu a Harvard suka bi diddigin mutum 2,250 ta wayar hannu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi, me kuma suke tunani. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankali yana wani wuri, hannu yana wani. To ga mutum an ce masa shiga ya shiga, an ce fito ya fito. Ba addininsa nake tallatawa ba. Gwanintarsa nake kallo, yadda ake kallon gwanin sukuwa ko da ba a san garinsu ba.

Akwai waɗanda suka ce sun samo yanke zuwa wuri ɗaya. A 1938 wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Albert Hofmann, ya haɗa sinadarin LSD daga wata cuta mai kama da burtuntuna da ke kama zangarniyar hatsin Turai. Ranar 19 ga Afrilu, 1943, ya sha rubu'in miligiram, abin da ido da ƙyar zai gani, ya hau kekensa zuwa gida, duniya ta narke masa a hanya. A Meziko kuma mutanen Mazatek sun daɗe suna cin wata irin laimar kwaɗi a tarukan dare na neman waraka, wadda daga baya aka tace sinadarin silosaibin daga cikinta. Kada mai karatu ya haɗa waɗannan da zaƙamin da muka sani, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Shi guba ne na wani jinsi dabam, mai ruɗa mutum ya wayi gari bai san abin da ya aikata ba. Masu shan LSD da silosaibin suna tuna abin da suka gani, kuma da yawansu suna ba da labari iri ɗaya: katangar da ke tsakanin "ni" da sauran halitta ta faɗi, lokaci ya tsaya, wata irin girmamawa ta lulluɓe su.

Gaskiya ɗaya ce, ba za a ce ƙarya suke yi ba. A 2006 Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins ya wallafa binciken da aka ba mutum 36 silosaibin a gaban masu kula. Bayan wata biyu, kusan biyu cikin uku suka sanya ranar a cikin abubuwa biyar mafi ma'ana da suka taɓa faruwa gare su, wasu suna jera ta da haihuwar ɗan fari ko rasuwar mahaifi. Hoton ƙwaƙwalwa ma ya nuna kusancin hanyoyin biyu. Akwai sassan da aikinsu shi ne saƙar zuci, jiya na yi kaza, gobe za a ce da ni kaza. A 2011 Judson Brewer a Yale ya ga sassan nan suna lafawa a kan gwanayen zaman tsayar da hankali, a 2012 Robin Carhart-Harris a Landan ya ga suna lafawa a kan waɗanda aka yi wa allurar silosaibin.

Amma a tambayi Richard Alpert. Malami ne a Harvard, shi da Timothy Leary, har jami'ar ta raba gari da su a 1963 a kan gwaje-gwajen waɗannan ƙwayoyi. Ya sha LSD sau ɗaruruwa. Akwai lokacin da shi da wasu abokai suka kulle kansu a gida na makonni, suna sha a kai a kai, wai ko za su hau su zauna can. Suka sauko. Kullum sai an sauko, kuma mutumin da ya sauko shi ne dai wanda ya hau, da fushinsa da kishinsa da tsoronsa. Zanen aro ba ya rufe katara. A 1967 ya tafi Indiya neman wanda ya san yadda ake zama ba tare da ƙwaya ba, ya haɗu da wani tsoho, Neem Karoli Baba, wanda ya raɗa masa suna Ram Dass, ya fara koyon zama daga baƙi kamar ɗan makarantar allo.

Me ake koya? Mukan fassara abin da "zuzzurfan tunani", kuma fassarar tana ɓatar da mutane, don ba tunani ake zurfafawa ba. Hankali ake koya wa tsayawa inda aka ajiye shi. Mutanen Tibet suna da wani zane da ake yi a bangon gidajen ibadarsu, wanda ya fi dogon bayani fayyace aikin. Hanya ce mai lanƙwashe-lanƙwashe daga ƙasa zuwa sama, da zango tara. A zangon farko baƙar giwa tana gudu, baƙin biri yana ja mata gaba, can baya ga sufi yana bin su, igiya a hannu ɗaya, ƙugiya a ɗayan. Giwar zuciya ce. Birin shi ne tsalle-tsallen hankali. Baƙin jikin giwar kasala ce da dusashewa. Igiyar ita ce tuna abin da ka zauna yi, ƙugiyar kuma farga, wato gane cewa ka tafi. A gefen hanya an zana 'ya'yan itace, da madubi, da ƙyalle, da turare, da kayan kiɗa, duk abin da ido da kunne da hanci da harshe da fata ke janye mutum da shi. A lanƙwasar farko wuta tana ci bal-bal, alamar irin ƙoƙarin da mafari ke sha, tana raguwa yayin da ake hawa har ta ɓace.

Mai koyo zai zauna, baya a miƙe, ya ajiye hankali a kan numfashi, inda iska ke taɓa bakin hanci ko inda ciki ke ɗagawa. Numfashi biyu, uku, ya tafi. Sai can ya farga yana lissafin bashi. A nan ne mafi yawa suke cewa sun kasa, su tashi. Malaman abin kuwa cewa suke wannan fargar ita ce ribar zaman, ita ce ƙugiyar ta kama. Sai a dawo, ba zagi, ba haushi, don haushin ma wani birin ne. A sake tafiya, a sake dawowa, sau ɗari a zama ɗaya. A makonnin farko mutum yakan ga kamar tunaninsa ƙaruwa ya yi. Ba ƙaruwa ya yi ba, yau ne ya tsaya ya ga yawansa, kamar wanda ya daɗe a bakin kasuwa sai ranar da ya yi niyyar barci ya ji ƙarar.

A zango na uku igiya ta kai wuyan giwa, fari ya ƙara bayyana a kanta. Nan ne mai zanen ya yi abin da ya sa na yarda cewa wanda ya tsara shi ya yi zaman da gaske: ya ɗora ɗan zomo a bayan giwar. Zomon wata siririyar kasala ce da ba ta bayyana sai hankali ya fara kwanciya. Mutum yana zaune, numfashi bai kuɓuce masa ba, jiki ya yi daɗi, zuciya ta yi luf, sai ya ɗauka ya iso. Alhali hasken hankalinsa ya ragu, kamar fitilar da gilashinta ya yi hayaƙi. Ana iya shekaru a cikin wannan daɗi ana kiransa nasara. Maganinsa a ƙara kaifin kallo, a ɗaga ido, a gyara zama. In an ƙara da yawa kuma biri ya farka. Riƙon ɗan tsako ne: ka matse ya mutu, ka sassauta ya zille, kuma babu mai gaya maka daidai sai tafin hannunka. Shi ya sa ba a yin nisa a wannan hanya ba tare da malamin da ya bi ta ba, kamar yadda mutanenmu na ɗariƙa ba sa barin almajiri ya shiga halwa ba da izinin shehi ba.

Daga tsakiyar hanya sufin ya wuce gaba, giwa na bin sa, biri ya koma baya. Zomo ya sauka, daga baya birin ma ya rabu da su. A zango na takwas giwa ta yi fari fat, tana tafiya ba igiya. A na tara sufin yana zaune, ita kuma ta kwanta kusa da shi. Wanda ya kai nan yana ajiye hankalinsa a abu ɗaya na sa'o'i ba tare da kokawa ba, kuma a wurinsu wannan ma shiri ne kawai, wasa wuƙa kafin a fara aiki.

Kuɗin wannan gwaninta lokaci ne, kuma ba a ragi. Halwar gargajiya ta Tibet shekara uku ce da 'yan watanni, wasu ma a cikin ɗan akwatin katako suke kwana a zaune. Binciken da Davidson da Antoine Lutz suka wallafa a 2004 ya haɗa gwanaye 8 da suka yi zaman sa'o'i 10,000 zuwa 50,000 a tsawon shekara 15 zuwa 40, aka gwada su da ɗalibai 10 da suka yi mako ɗaya suna koyo. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki har da Matthieu Ricard, Bafaranshen da ya gama digirin digirgir a Cibiyar Pasteur a 1972 ya tattara ya koma Himalaya. Saurin bugun ƙwaƙwalwa da ake kira gama ya tashi a kan gwanayen fiye da na ɗaliban nesa ba kusa ba. Abin da ya fi wannan: tun kafin a ce su fara, suna zaune kawai, ƙwaƙwalwarsu ta riga ta bambanta. Mutum 8 ba su da yawa, kuma ana iya cewa wataƙila da haka aka haife su, sai dai bambancin ya fi girma a kan waɗanda suka fi yawan sa'o'i. Abin da Alpert ya kulle kansa a gida yana nema ke nan, hali da zai zauna bayan an tashi daga zama.

Kowace hanya da haɗarinta. LSD yana riƙe mutum sa'o'i 8 zuwa 12, in abin ya juye zuwa firgici babu linzamin ja, sai a jira. Yana iya tayar da taɓin hankali ga mai gadonsa, shi ya sa masu bincike ba sa ɗaukar irin waɗannan mutane, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya shi da silosaibin cikin abubuwan da aka fi tsaurarawa. Zaman ma ba ruwan sanyi ba ne. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta tattara labaran mutanen da doguwar halwa ta jefa cikin tsoro, rashin barci da jin sun rabu da jikinsu. Bambancin da nake gani shi ne mai zama yana hawa ne da ƙafarsa, taki ɗaya bayan ɗaya, ya san inda ya taka, yana iya tsayawa. Griffiths kansa, kafin ya taɓa binciken silosaibin, mai zaman ne, kuma zaman ne ya sa ya fara tambayar.

Mingyur bai fara da kwanciyar hankali ba. Yana yaro firgici ke kama shi, zuciya na bugawa, maƙogwaro na shaƙewa, ko tsawa aka yi ko baƙi suka zo. Yana ɗan shekara 13 ya shiga halwar shekara uku a Sherab Ling da ke arewacin Indiya, abin ya ƙara tsanani. Ya kai inda ko ya gudu ko ya tsaya. Ya zauna a ɗakinsa kwana uku, ya daina korar firgicin, ya mai da shi abin kallo a madadin numfashi: ina yake a jiki, yaya yake tashi, yaya yake sauya kama. Bai kai shekara 20 ba aka ba shi jagorancin masu halwa.

A watan Yuni na 2011, yana da ɗalibai a ƙasashe da dama, ya bar wasiƙa a ɗakinsa a Bodhgaya, ya sulale da dare ba wanda ya sani. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Baranasi, ya kwana a tasha cikin mabarata, mutumin da tun yana yaro ake yi masa hidima. A Kushinagar ya ci ragowar abincin da ya roƙa, ciki ya ɓaci, amai da gudawa suka kwantar da shi kwana da kwanaki a fili. Ya ba da labari cewa da ya ga alamar mutuwa, sai ya gyara zama ya yi abin da ya saba, yana kallon ji da gani suna janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wani baƙo ya same shi a sume ya kai shi asibiti. Da ya warke bai koma gida ba. Ya ci gaba da yawo tsakanin kogunan duwatsu da titunan ƙauyuka, sai a ƙarshen 2015 ya dawo, a rame, gashi ya taru, ya koma koya wa sababbin ɗalibai su zauna su san numfashi ya shiga, su san ya fita.