Kaɗe Sara: Gwanintar da Sekiro Ke Koya wa Yatsu

A ranar 22 ga Maris 2019 kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Sekiro: Shadows Die Twice, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, wanda ya yi suna da wasannin Dark Souls. Kafin shekarar ta fita, wasan ya lashe kambun gwarzon shekara a bikin The Game Awards, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi miliyan 10. Duk wannan ɗaukaka a kan gwaninta guda ta doru, wato iya kaɗe saran takobi a daidai lokacin da zai sauka.

Labarin yana faruwa ne a Japan ta ƙarshen ƙarni na 16, zamanin yaƙe-yaƙen Sengoku, amma an cakuɗa shi da almara: dodanni, macijin da ya cika kwari, da jinin da ke hana mutuwa. Mai wasa yana riƙe da wani shinobi, mayaƙin ɓoye, wanda Genichiro Ashina ya sare wa hannun hagu ya kuma ƙwace yaron da shinobin yake karewa, Kuro. Wani masassaƙi ya ɗaura wa shinobin hannun wucin gadi, shi kuma ya fita neman ubangidansa Kuro da takobi ɗaya tal.

A yawancin wasannin faɗa, aikinka shi ne ka rage jinin abokin gaba har ya faɗi. Sekiro ya ƙara ma'auni na biyu, na tsayuwa. Duk saran da mutum ya tare, ma'aunin tsayuwarsa na cika. Ya cika kuwa, ƙafarsa ta goce, ya buɗe. Idan ka danne madannin kariya ka riƙe, ka tsira daga rauni amma naka ma'aunin ne ke cika. Idan kuma ka taɓa shi a ɗan ƙiftawar da takobin ke isowa, sai tartsatsi ya tashi, ƙarfe ya yi ƙara mai kaifi, nauyin saran ya koma kan mai shi. Ka jera irin wannan, sai jan ɗigo ya bayyana a jikinsa, ka soke shi sau ɗaya ka raba shi da rai guda, ko da jininsa bai taɓu sosai ba.

Nan ne hikimar take. Ma'aunin abokin gaba yana saukowa da zarar ka ja da baya, don haka matsoraci aikin banza yake yi: duk abin da ya tara sai ya zube yayin da yake neman numfashi. Gwani manne wa bos, wato babban abokin gaba, yake yi. Ya kai sara biyu, ya ji an kaɗe nasa, ya san yanzu zagayen wancan ne, ya karɓa, ya mayar. Ya kuma san cewa idan ya ɗan ci jinin bos tukuna, tsayuwarsa ba za ta riƙa farfaɗowa da wuri ba. Kamar ɗan damben da ya ƙware ne, wanda ba ya kallon dunƙulen hannu, kafaɗa yake karantawa tun naushi bai taso ba. Kunne ma yana da aikinsa, domin ƙarar tarewa daban take da ƙarar kaɗewa, kuma kowane bos da irin kiɗan takobinsa. Mai danna madanni barkatai kuwa, wasan da kansa yana ƙuntata masa lokacin, ya bar shi da tarewa kawai.

Sai kuma hare-haren da riƙe kariya ba ya tsayar da su. Wani jan harafin Japananci zai haska a kan jarumin, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya dole ka gane wanne ne. Idan shara ce ta ƙasa, ka yi tsalle ka taka kan mai ita. Idan cafka ce, ka kauce. Idan sukar makami ce, ka shiga cikinta ka take tsinin makamin da ƙafa, dabarar da ake kira Mikiri. Shiga cikin mashi da gangan ya saɓa wa abin da jiki ke so, shi ya sa ranar da yatsa ya fara yin haka ba tare da shawara ba, mutum ya tsallake wani mataki.

Babbar jarrabawa ita ce haɗuwa da Genichiro a saman fadar Ashina. Yana jero sara, ya tashi sama ya harbo kibiya, ya diro da suka ko shara. Ka ci shi sau biyu, ya tuɓe sulke ya kira walƙiya, wadda sai ka karɓe ta kana sama ka mayar masa kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Da yawa nan suke ajiye wasan, waɗanda suka wuce kuwa nan suka koye shi. Ƙarfin sara yana ƙaruwa ne galibi idan ka kayar da manyan bos, jini kuma sai ka haɗa ƙwayoyin carbi huɗu. Saboda haka babu wata hanya mai sauƙi ta tara ƙarfi ka danne wanda ya fi ka; ci gaban a hannun mai wasa yake taruwa.

Wannan ƙarfin nasa shi ne kuma tushen rauninsa. Hanyar ɗaya ce. Babu zaɓin rage wahala, babu kiran aboki ta intanet ya taya ka kamar a Dark Souls, kuma babu sauya babban makami. Wanda ciwo ko nakasa ta hana yatsunsa sauri an rufe masa ƙofa, abin da ya jawo muhawara mai zafi a 2019, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Kyamara tana rikicewa a wuri mai matsi, ka mutu da saran da ba ka gani ba. Ana maimaita wasu ƙananan bos har su gundure ka. Cutar da ke kama mutanen labarin idan ka yawaita mutuwa tana tsorata sabon shiga ne kawai, alhali mutuwa ce makarantarsa. Ga kuma dodon wuta na kusa da ƙarshe, wanda faɗansa ya fi karkata ga gudu da kaucewa, ya bar darasin da aka daɗe ana koya maka.

Duk da haka, faɗan ƙarshe da Isshin, tsohon gwanin takobi, ya biya bashin. Yana zuwa da takobi, da mashi, da bindiga, da walƙiya, kuma babu ko ɗaya da ba a riga an nuna maka maganinsa ba. Wanda ya kayar da shi ya koma farkon wasan zai tarar sojojin da suka sha kashe shi sun zama abin wasa, ba don an rage musu komai ba. Wasanni kaɗan ne ke iya nuna wa mutum ƙaruwarsa a fili haka, kuma saboda wannan Sekiro ya cancanci yabo, da kura-kuransa duka.