3.4 Tsokaci a Kan Ra'ayin Mulkin Mallakar Bayanai

A littafinsu mai suna The Costs of Connection (2019), Couldry da Mejias sun yi ƙoƙarin nuna cewa kamar yadda Turawan mulkin mallaka suka ƙwace ƙasa da ma'adinai, haka manyan kamfanonin intanet suke kwasar bayanan rayuwar jama'a su mayar da su dukiya. Wannan kwatanci ya yi ma'ana, domin a duka biyun ana ɗaukar abin mutane ne tamkar ba shi da mai shi.

Sai dai idan aka yi wa ra'ayin duban tsanaki, za a ga yana da rauni. Duk da cewa marubutan sun amince akwai bambanci tsakanin ƙasashe, sun sanya duk mai amfani da intanet a sahun waɗanda aka mallaka, wato mutumin Landan da na Nairobi sun zama ɗaya ke nan. To amma a shekarar 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Kenya, waɗanda suka tantance munanan rubuce-rubuce domin tsabtace ChatGPT, an biya su dala 1.32 zuwa 2 a awa, alhali OpenAI ya biya Sama dala 12.50. Ke nan bayanai kawai aka kwasa daga mutumin Landan, na Nairobi kuwa an haɗa da guminsa. Don haka wannan nazari yana ganin kalmar mallaka ta fi dacewa da na biyun.