Fim ɗin Shaihu Umar da Batun Bauta

A cikin finafinan Hausa na farko babu wanda ya cancanci a sake dubansa kamar Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976. Asalinsa littafi ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, watau shekarar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar da ta haifar da littafin. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu.

Abin lura shi ne lokacin da aka rubuta labarin. Sai a 1936 aka kafa dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa. Ke nan marubucin ya yi aikinsa ne a tsakiyar mutanen da suka ga cinikin bayi da idonsu, waɗansu ma a kansu aka yi shi. A ganina wannan ne ya sa labarin yake taka-tsantsan. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi tamkar ɗa, ya ba shi ilmi. Bauta a nan ta zama hanyar malanta, kuma Shaihu yana ba almajiransa labarin cikin natsuwar wanda ya karɓi ƙaddara.

To, amma ina uwarsa? Ita ce ta bar gida nemansa, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta ƙetare Sahara, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Ilmin da ɗan ya samu bai fanshe ta ba. Nan ne nauyin labarin yake, ko da yake sunan ɗan aka ba shi.

Fim ɗin kansa ya yi shekaru da dama ba a ganinsa, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.