Ɗan Dakon da Ba Ya Ɓatar da Kaya

Da kaka, in an gama sussukar masara, bakin titunan ƙasar Kafur cika yake yi da buhuna. Kala ɗaya, ɗinki ɗaya. Abin da ke raba na wane da na wane shi ne 'yar alamar fenti a gefe, da ita ɗan dako ke sanin wanda zai hau motar Funtua da wanda za a wuce da shi Dawanau. Na daɗe ina sha'awar wannan aiki, amma gwanin gwanayensa yana cikin jikinmu, a ƙwayar halittar da ba a iya gani sai da madubin likita.

Kusan kowace ƙwaya tana da wasu 'yan jakunkuna masu tsami da ake kira laisosom. Christian de Duve, ɗan Beljiyam, shi ya gano su a 1955, ya kuma samu kyautar Nobel a 1974. A cikinsu ake narkar da tsofaffin kayan ƙwayar da ƙwayoyin cutar da aka kama, a mai da su abin amfani, kamar yadda juji ke komawa taki. Masu wannan aiki sinadarai ne da ake kira inzayim, iri fiye da 50. Sai dai ba a cikin jakar ake ƙera su ba. Wuri ɗaya ake yin su da tarin wasu kayan da za a fitar waje, duk su taru a tashar da ake kira Golji. To wa zai tsince su a cikin wannan cunkoso?

Tun a ƙofar tashar akwai mai sa alama. Babu suna a jikin kayan, don haka siffarsu yake dubawa, yadda inzayim ɗin ya naɗe kansa. In ya gane na laisosom ne, sai ya manna fosfet a kan wani sukari mai suna manos da ke rataye a jikinsa. Alamar a lulluɓe take fitowa, sai an matsa gaba wani ya yaye lulluɓin. A bakin fita kuma makarɓi na jira, kafe a bango. Iri biyu ne, babba da ƙarami, babban ya ninka ƙaramin fiye da sau shida. Duk abin da ke ɗauke da alamar sai ya cafke, marar alama ya bar shi ya wuce. Daga nan bangon ya lotsa, wata raga ta kewaye shi kamar kwando, ƙunshi ya ɓalle ya kama hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sanin lokacin saki. A ma'aunin tsami ruwa zalla 7 ne, kuma lamba na sauka tsami na ƙaruwa. A tasha, inda ake wajen 6.5, riƙon makarɓi gam yake. Da ƙunshin ya isa zangon da ake kira endosom, lamba ta yi ƙasa da 6, sai hannunsa ya buɗe da kansa. Kaya su zarce laisosom, inda tsami ya kai wajen 4.5 zuwa 5, shi kuwa ya juyo hannu wofi don ɗaukar wani lodin. Ba ya biyo kayan har cikin jakar, da ya bi da shi ma an narkar. Kulorokwin da aka daɗe ana sha saboda zazzaɓin cizon sauro yana rage tsamin irin waɗannan jakunkuna, kuma a ɗakin gwaji an ga in aka zuba wa ƙwayoyi shi, makarɓi kan kasa sauke kaya, sababbin inzayim su rasa mai ɗauka su zube waje.

Rashin lafiyar yara ce ta tona wannan asiri. A 1967 Jules Leroy da Robert DeMars suka bayyana cutar da ake kira I-cell, wadda ake gada daga uwa da uba duka biyu, kamar sikila. Yaron ba ya girma yadda ya kamata, gaɓoɓinsa su sandare, kuma da wuya ya wuce ƙuruciya. Abin mamaki, jininsa cike yake da inzayim ɗin, lafiyarsu ƙalau, amma jakunkunan da ke buƙatarsu babu su, sai tarin shara. A 1972 Elizabeth Neufeld ta Amurka ta kawo hujjar cewa alama ce babu. William Sly da abokan aikinsa suka gano ko wace alama ce a 1977, sannan a 1981 ɗakin binciken Stuart Kornfeld a Amurka da na Kurt von Figura a Jamus suka gano mai sa ta, aka kuma tabbatar shi ne ba ya aiki a jikin waɗannan yara. Ina tuna iyayen duk lokacin da na karanta wannan. An ƙera kaya, motoci na nan, 'yan dako na tsaye, abin da ya rage kawai a shafa fenti.

Babban makarɓin yana da wani zagayen na daban. Yakan leƙa har bangon ƙwayar ta waje, in ya ga inzayim mai alama yana yawo sai ya kamo shi ya shigo da shi. Likitoci suka ce ashe ana iya ba shi saƙo. A cutar Pompe, inda rashin inzayim guda ke sa sukarin ajiya ya cushe tsoka da zuciya, jarirai masu nau'in mai tsanani, in babu magani, sukan rasu kafin su cika shekara ɗaya. A 2006 aka amince da maganin da ake haɗawa a masana'anta, inzayim ɗin ne da alamarsa a jiki. Duk bayan sati biyu ake ɗura shi ta jijiya, makarɓi ya tsince shi a bakin ƙofa, ya bi da shi tsohuwar hanyarsa har zango.