Gwanintar ɗora Linux a kan sabuwar kwamfuta

Yawancin kwamfutocin da ake ɓarowa daga kwali suna zuwa ne da Windows a kansu, kuma masu su kan karɓe su a haka su ci gaba da harkokinsu. Amma akwai mutanen da in sabuwar na'ura ta shigo hannunsu, filashi suke fara nema. Su matsar da Windows gefe, ko su share ta ɗungurungum, su ɗora Linux, babbar manhajar nan da kowa ke da ikon ya sauke kyauta, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Mai kallo daga nesa zai ɗauka danne-danne ne na rabin awa. Wanda ya san aikin kuwa ya san rabin awar nan ita ce mafi sauƙi a ciki. Ana gane gwani ne a abin da yake yi kafin ya danna maɓallin ɗorawa, da abin da yake yi bayan an gama.

Asalin abin ba shi da tsawo. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, da nufin samar da babbar manhaja da ba mai kulle ta. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da kanel, wato sashen da ke magana kai tsaye da sassan na'ura. Aka haɗa biyun, aka sami abin da ake kira Linux a yau. Wannan kanel ne ke cikin kowace wayar Android, kuma tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Da yake ba kamfani ɗaya ke riƙe da ita ba, sai ta yi rassa da yawa: Debian tun 1993, Fedora a 2003, Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, Linux Mint a 2006, da wasu barjat.

Zaɓen reshe shi ne gwaji na farko, kuma a nan ne ake samun abin da ke ba sabon shiga mamaki: sabuwar kwamfuta ta fi tsohuwa wuyar sha'ani. Masu ƙera katin Wi-Fi da na hoto da na sauti sukan fara rubuta wa Windows direba, wato manhajar da ke sa katin aiki. A Linux, mafi yawan direbobi suna zuwa ne a cikin kanel, shi kuma sabon kanel yakan fito duk bayan mako tara ko goma. Kwamfutar da ta shekara biyar a kasuwa, an daɗe da sanin kowane sashe nata. Wadda ta fito watan jiya kuwa, mai yiwuwa kanel ɗin bara bai taɓa jin labarin katinta ba. Shi ya sa gwani ba ya tambayar wace Linux ce ta fi kyau. Yakan juya na'urar ya karanta lambar samfurinta, ya bincika abin da ke cikinta. Debian takan yi kusan shekara biyu kafin ta fitar da sabon zubi, ga aminci amma ga tsohon kanel. Fedora duk wata shida take sabuntawa, don haka takan riga saura gane sabbin kaya. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon zango a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, ta kula da shi shekara biyar, tana kuma kai masa sababbin kanel a hanya. Na'urar da aikin mai ita su ne ke yanke hukunci.

Kafin gwani ya taɓa komai, sai ya tambaya: "Alhaji, akwai abin da ba ka so ya salwanta a cikin nan?" Ko an ce masa sabuwa ce fil, sai ya duba, don sau da yawa an riga an zuba hotunan biki da takardun ofis tun daren farko. Ya kwashe su zuwa wani faifai na waje. In za a bar Windows ta zauna tare da Linux, akwai tarko biyu da yake kwancewa. Na farko BitLocker: sababbin kwamfutoci da dama suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma ƙaramin canji a saitin kunnawa na iya sa Windows ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Gwani yakan nemo mabuɗin ya sa a rubuta shi a takarda tun ba a shiga uku ba. Na biyu Fast Startup, dabarar da ke sa Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya in an kashe ta, sai ta bar faifai a rabin barci, Linux ta kasa rubutu a sashen Windows. Ya kashe wannan, sannan ya rage girman sashen Windows da kayan aikin Windows ɗin kanta, don ita ta fi sanin inda ta ajiye kayanta.

Daga nan sai sauke fayil ɗin ISO mai ɗauke da Linux ɗin, wanda na Ubuntu 24.04 ya kusa giga shida. Mai gaggawa da ya ga saukewa ta kammala sai ya wuce. Shi kuwa gwani yakan auna fayil ɗin da SHA256, ya sami jerin haruffa da lambobi 64, ya kwatanta da wanda masu manhajar suka wallafa. In harafi ɗaya ya saɓa, ko dai intanet ta yanke a hanya, ko wani ya sa hannu a ciki. Minti ɗaya ne, amma yana hana a wuni ana zargin na'urar da ba ta da laifi. Sai ya rubuta fayil ɗin a filashi mai giga takwas ko fiye, da Rufus ko balenaEtcher, yana sane da cewa duk abin da ke kan filashin ya tafi ke nan. Masu yin aikin kullum sun fi son Ventoy, don filashi guda na ɗaukar rassa da dama, in wannan ya ƙi a gwada wancan nan take.

Shiga saitin kunnawa ma sai da sani. A Dell da Lenovo galibi F12 ke kawo jerin abin da za a kunna daga gare shi, a HP kuma F9, kuma dole a danna a 'yan daƙiƙun farko kafin tambarin kamfani ya wuce. Wanda bai ƙware ba yana shiga zai kashe Secure Boot don ya ji ana faɗa. Gwani ya san Ubuntu da Fedora da Debian duk suna tashi da shi a kunne, ta hanyar wata 'yar manhaja da ake kira shim wadda Microsoft ta sa wa hannu, saboda haka ba ya cire kariya sai da dalili. Ya kuma san abin da ke sa manhajar ɗorawa ta ce ba ta ga faifai ba alhali faifan na nan daram: an saita shi a kan RST na Intel, ana bukatar a mai da shi AHCI. Wannan canjin ma sai an shirya wa Windows tukuna, in ba haka ba da shuɗin allo za ta gaishe ka.

Linux na da wata alfarma: tana tashi daga filashi ta yi aiki sosai ba tare da ta taɓa faifan ciki ba. A nan gwani ke zama ya yi bincike a tsanake, don gani ya kori ji. Ya kunna sauti, ya buɗe kyamara, ya rage hasken allo ya ƙara, ya rufe murfin ya ƙirga goma ya buɗe ya ga ko za ta farka. In alamar Wi-Fi ba ta bayyana ba, ba ya ɗaga hankali. Sai ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta lspci, jerin sassan na'urar ya zubo, ya bi da yatsa har ya kai layin da ke ɗauke da sunan katin, ko Realtek ne, ko MediaTek, ko Broadcom. Yanzu ya san abokin karawarsa. Sai ya zaro wayarsa ta Android, ya haɗa da kebul, ya raba wa kwamfutar data ta USB, ya sauke abin da katin ke nema. In kuma sabon kanel ake bukata, ya canja reshe tun bai ɓata komai ba.

Sai rabon faifai, inda kuskure ba ya gyaruwa. Aikin kamar rabon fili ne a gidan da mutane ke zaune a ciki: ka ja layi ba daidai ba, ka rushe ɗakin wani. Linux ba ta san C ko D ba. Faifan zamani nvme0n1 take kiransa, filashin da ke jiki kuma sda, kuma gwani sai ya duba girman kowanne sau biyu kafin ya zaɓa. A farkon faifan akwai wani ɗan ƙaramin sashe na EFI, wanda sau da yawa bai wuce mega 'yan ɗari ba. Sabon shiga kan gan shi ya ɗauka shara ce, alhali a nan ne abin da ke tayar da Windows yake zaune, kuma a nan Linux za ta ajiye nata. Gwani yakan nuna wa manhajar wurin, ya tabbata bai sa alamar gogewa ba. Ya yanka wa Linux nata sashe a tsarin ext4, wani lokaci ya ware wa fayilolin mai na'urar sashe daban, don ko an sake ɗorawa nan gaba kayansa su tsira. In kwamfutar ta tafi-da-gidanka ce da ake yawo da ita, ya ba da shawarar kulle faifan da LUKS, tare da gargaɗi ƙarara cewa in kalmar sirri ta ɓace ba mai iya buɗewa. Ya duba caji, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rabon faifai ba abin wasa ba ce. Sannan ya danna.

Ƙananan abubuwan ƙarshe su ke nuna wanda ya damu da mai na'ura. Linux na da tsarin madannai na Hausa, na Najeriya da na Gana, wanda zai ba mutum ɓ da ɗ da ƙ ba tare da kwafe-kwafe ba. Gwani yakan saita shi tun a nan. Ya kuma san rikicin agogo: Linux na ajiye lokacin duniya na UTC a agogon na'ura, Windows kuwa lokacin gari take ɗauka. A Najeriya da Nijar, wanda ya fito daga Linux ya koma Windows zai tarar agogonsa ya ja baya da awa ɗaya, a Gana kuwa ba za a ga bambanci ba. Umarni guda ke daidaita su. Daga nan ya sabunta komai, ya ɗora direban Nvidia in akwai katin, ya kunna Timeshift don a iya komawa baya in wani abu ya lalace, ya nuna wa mai ita GRUB, jerin da ke tambayar wacce za a shiga in an kunna.

Babban abin yabo a wurinsa shi ne gaskiya. Zai gaya maka LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, amma mai tsari mai sarƙaƙiya na iya karkacewa. Zai gaya maka Photoshop ba shi da zubin Linux, kuma in da shi kake cin abinci, ya ce ka bar Windows ɗinka a gefe ko ma ka haƙura. Bukatar irin waɗannan gwanaye ƙaruwa take yi: Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma na'urori da yawa masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Mai sha'awar koyo ba ya bukatar izinin kowa ko kuɗin lasisi. Ya samu filashi da tsohuwar kwamfutar da ba kayan kowa a ciki, ya ɗora, ya ɓata, ya sake ɗorawa har hannunsa ya faɗa. Mai sabuwar kwamfuta kuma, kada ya miƙa ta ga wanda bai tambaye shi komai ba kafin ya soka filashi.