Farashin kururuwar ƙarya: sharhi kan tsarin Duncan na 1956

A 1924 ne Walter Shewhart, a kamfanin Western Electric na Amurka, ya ƙago taswirar sa ido kan ingancin kaya, wadda ake kira carte de contrôle da Faransanci. Ana ɗibar samfuri lokaci-lokaci, a auna, a ɗiga matsakaicinsa tsakanin iyakoki biyu. In ɗigo ya fita waje, sai a binciki inji. Shewhart ya aza iyakokin a sigma 3. In aiki na tafiya daidai, awon kuma na bin rabon Gauss, sau ɗaya cikin kimanin 370 ne ɗigo zai fita alhali babu lahani.

A 1956 Acheson Duncan ya ce a bar kuɗi su yanke hukunci: girman samfuri, tazarar ɗiba da faɗin iyakoki, duka a zaɓe su yadda asarar kowace awa za ta ragu iyakar raguwa. Lorenzen da Vance suka faɗaɗa tsarin a 1986. Lissafin kansa ba mu ga aibinsa ba. A kan alƙaluman da ake zuba masa ne muke da ja.

Akanta na iya faɗin kuɗin awo da na tsai da inji. Amma wa zai ƙiyasta abokin cinikin da ya karɓi rubaɓɓen kaya ya tafi bai dawo ba? Mafi muni, in aka rubuta cewa binciken banza yana da araha, lissafi na iya matse iyakoki zuwa sigma 2. A nan kururuwar ƙarya ta koma sau ɗaya cikin 22. In kowace awa ake ɗiba, dare da rana, kusan kullum ke nan za a taso ma'aikaci ya nemi lahanin da babu shi. Bayan ƴan makonni zai daina tashi, har ranar da lahanin ya zama na gaske. Wannan asarar ba ta da gurbi cikin lissafin. William Woodall ya soki raunin irin waɗannan taswirori a 1986. Gyaran da Erwin Saniga ya kawo a 1989, wato ƙayyade yawan kururuwar ƙarya tun kafin a shiga batun kuɗi, a ganinmu amsa laifi ne.

Tsarin kuma ya ɗauka cewa yawan lalacewar inji tsayayye ne: a gyara, ya koma yadda yake. Shewhart kuwa ya yi taswirar ne domin a gano musabbabi a kawar da shi, har yawan lalacewar kansa ya sauka.